Kwabon Dogarawa: Ina Za Mu Kai Abin da Muka Tono?

A ƙarshen daminar da ta wuce, wani maƙwabcina a Dogarawa ya sa leburori haƙa ramin shadda a gidan da yake ginawa. Da rami ya kai ƙugu, sai diga ta fasa wata 'yar tukunya. A cikinta akwai tsofaffin kuɗi masu huda, kamar cikin tafi biyu, duk sun dafe, da munduwa guda ta tagulla. Kafin la'asar ɗan gwangwan ya biyo da kurarsa, aka ɗora su a sikeli, aka ba leburorin abin da bai wuce kuɗin abincin rana ba. Tsingaron tukunyar kuwa aka kwashe shi da ƙasa aka cike wani kwari. Kwabo ɗaya tak ya tsira, domin wani yaro ya zura masa zare ya rataya a wuya.

Washegari maigidan ya kawo mini shi. Ya ce, “Malam, kai ne mai karance-karance. An ce akwai masu sayen irin wannan da miliyoyi. Da gaske ne?” Na ce, “Alhaji, a bar mini shi zuwa gobe in duba.”

Na wanke shi da ruwa zalla da tsohon buroshin haƙori. A fuska ɗaya akwai tauraro mai kusurwa shida kewaye da hudar, da shekara: 1936. A ɗaya fuskar akwai kambin sarauta, da darajar kuɗin a rubutun boko da na Larabci, da sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas. Wannan sarki ya hau gado a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar wannan shekara. A Ingila ba a kai ga fitar da kuɗin kashewa da sunansa ba, amma an buga wa Afirka ta Yamma, domin kuɗi mai huda ba ya buƙatar hoton sarki, suna ya wadatar. Labarin yana da daɗin ji, sai dai an buga irin wannan kwabo da yawan gaske, har yau yana cike da akwatunan masu tara tsofaffin kuɗi, kuma farashinsa kaɗan ne. Da na gaya wa Alhaji haka, sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce ashe ba su yi asarar komai ba.

A nan muka saɓa. An yi asara, amma irin wadda sikeli ba ya nunawa.

Masana tonon kayan tarihi suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: idan aka sami tarin kuɗi a binne, wanda ya fi kowanne sabunta a cikinsu shi ke faɗin lokacin da ba a yi binnewar kafinsa ba. Da an jera kuɗin nan an karanta shekarunsu, da mun san ko an binne su gabanin Yaƙin Duniya na Biyu ne, ko a tsakiyarsa, ko dab da samun 'yancin kai. Da an ƙirga anini nawa, ɗari nawa, kwabo nawa, da mun ƙiyasta ko ajiyar mai tallan ƙosai ce, ko ta manomin da ke tara kuɗin haraji. Da an lura ko munduwar a cikin tukunyar take ko a ƙasa da ita, da mun san ko zamaninsu ɗaya. Sabon Gari ya tashi ne a gefen tashar jirgin ƙasa bayan dogo ya iso Zariya wajen 1911, kuma ta hanyar haraji da cinikin auduga da gyaɗa ne kuɗin Bature suka kori wuri daga kasuwanninmu. Takardun ofisoshin mulkin mallaka sun rubuta wannan sauyi ta fuskar masu karɓar haraji. Tukunyar Dogarawa za ta iya faɗin sa ta fuskar mai biya, kuma da rana tsaka aka rufe mata baki.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne hotunan bidiyon da ke yawo a wayoyinmu, na Turawa masu yawo a bakin teku da na'urar gano ƙarfe, suna tono zobba da kuɗi daga yashi. Matasa da dama sun fara tambayar ko ba za a gwada a nan ba. Zariya ba ta da teku, amma tana da yashin Kubanni da na Galma, tana da gonaki, tana da kufai. Ita ma na'urar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: tun da aka gano zinare a Djado da ke arewacin Nijar a 2014, ta zama kayan aikin da masu zuwa haƙo suka sani sarai. Ke nan tambayar da ta rage ita ce a wane irin wuri za a yarda a kunna ta, kuma wa za a kai wa abin da ta gano.

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. A ƙasan sandar akwai faifai mai naɗin waya wanda ke aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe, ƙarfen yakan mayar da amsa, na'urar ta yi ƙara. Ga abu ƙarami kamar kwabo, jinta ba ya wuce zurfin santimita 20 zuwa 30. Babbar nakasarta ita ce kurma ce ga duk abin da ba ƙarfe ba. Ba ta jin tsingaro, ba ta jin gawayi, ko ƙashi, ko dutsen niƙa, ko wuri. Alhali wurin nan daga tsibiran Maldives da ke Tekun Indiya ya taso, kuma Tarihin Kano ya ambaci isowarsa ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18. Gawayi kuwa shi ake kai wa ɗakin gwaje-gwaje a auna shekarun wuri da shi. Mai bin ƙarar na'ura zai watsar da waɗannan duka domin ya kai ga ƙusa guda.

Bambancin bakin teku da kufai a nan yake. Igiyar ruwa ta riga ta cakuɗa yashin gaɓa, zoben da ya faɗi bara yana kwance kusa da kuɗin da suka shekara ɗari, don haka wanda ya tono su bai rushe wani tsari ba. Ƙasar kufai kuwa hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama, kuma duk wanda ya luma diga ya hautsina ta, babu mai iya mayar da ita yadda take. A shekarun 1970 John Sutton da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi tono a yammacin Samaru, suka sami burbushin matoyar narka tama da tarin kashin maƙera, shaidar cewa ana narka ƙarfe a wannan yanki tun shekaru dubu ko fiye. Da mai na'ura ne ya riga su zuwa, da ya ji ƙara a ko'ina, ya farfasa matoyar, ya tafi yana tsaki cewa ba komai sai tsatsa.

Mun riga mun ga ƙarshen irin wannan tono a kudancin jiharmu. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da sassaken yumɓu a ƙauyen Nok. A 1943 wani kan mutum na yumɓu da aka samo a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya yi mutum-mutumi da shi a gonar doya, ya isa hannun Bernard Fagg, shi kuma ya gane dangantakarsa da na Nok. Wannan haɗuwa ta mai tsintuwa da masani ita ta buɗe wa duniya al'adar Nok. Daga baya, musamman a shekarun 1990, dillalai suka shigo da kuɗi, ƙauyawa suka shiga tono ba dare ba rana, har a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa sassaken Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin kayan da ake sacewa. Da masanan Jami'ar Frankfurt suka fara bincikensu a yankin a 2005, yawancin wuraren da suka tarar an riga an yi musu kaca-kaca. Gumakan suna manyan biranen Turai, amma ba a san daga wane rami mafi yawansu suka fito ba, don haka ba su da abin faɗa sai kyau.

Doka tana nan. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta hana cinikinsu sai ga wakilin da aka amince da shi, ta hana fitar da su waje ba da takarda ba, ta kuma wajabta wa wanda ya ci karo da su ya sanar cikin kwana bakwai. Fiƙihun da muka gada ma bai yi shiru ba: dukiyar da aka binne tun kafin Musulunci rikazi ce, ana fitar mata da humusi, wadda kuwa ke ɗauke da alamar zamanin Musulmi hukuncin tsintuwa gare ta, a yi cigiya shekara guda. Ko ta wace fuska aka duba, bayyanawa ake nema. To, me ya sa leburorin Alhaji ba su bayyana ba? Ba su taɓa jin dokar ba. Da sun ji ma, abin da za su fahimta shi ne za a ƙwace kayan, a tsayar da ginin, wataƙila a kira 'yan sanda. Ɗan gwangwan kuwa yana biya nan take, ba ya tambaya.

Abin koyi daga Ingila shi ne rajistarsu. Dokarsu ta 1996 ta ce wanda ya tono abin da ya cika sharuɗɗan taska ya kai rahoto cikin kwana 14, idan kuma gidan tarihi yana so, sai ya biya farashin kasuwa, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Haka aka yi da tarin zinaren Staffordshire da wani mai na'ura ya gano a 2009, aka yi masa kuɗi kusan fam miliyan 3.3. A 1997 kuma suka fara wani shiri na sa-kai: ka kawo abin da ka tsinta, jami'i ya gaya maka ko mene ne, ya ɗauki hoto, ya rubuta inda aka same shi, ya mayar maka da abinka. Abubuwan da aka rubuta ta wannan hanya sun haura miliyan ɗaya, kuma kowa na iya duba su a intanet.

Mai karatu zai iya cewa lada kan jawo tono, kuma a ƙasar da talauci ya yi katutu, biyan mai tsintuwa tamkar aika gayyata ne ga masu diga. Wannan magana tana da nauyi. Ko a Ingilar, a 2019 an ɗaure wasu masu na'ura biyu da suka ɓoye taskar da suka tono a Herefordshire. Shi ya sa ban goyi bayan a saki na'ura a Kufena, ko Turunku, ko gindin ganuwar Zazzau ba. Waɗannan wurare a bar wa masu izini da horo. Amma yawancin abin da ƙasar Zariya ke fitarwa yau ba nemansa ake yi ba. Masu haƙa harsashin gini ne, da masu rijiya, da masu ɗibar yashi, da manoma, a Dogarawa da Hanwa da Bomo da Basawa, inda gari ke cin gonaki kullum. Tonon nan ana yin sa ko da lada ko babu. Abin da ya rage mana zaɓi a kai shi ne ko kayan su bi ta hannun masani, ko su wuce kai tsaye tukunyar narkawa.

Shawarata ba ta buƙatar sabuwar doka. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Samaru, tafiyar Keke Napep ce daga Kwangila. Sashen, da haɗin gwiwar hukumar gidajen tarihi, zai iya ware rana guda a wata da kowa zai kawo tsintuwarsa a duba masa kyauta, da lambar waya da za a aika hoto. A sanar a rediyo da Hausa, a bi ta hannun masu unguwanni da ƙungiyoyin magina da na 'yan gwangwan, a kuma faɗa ƙarara cewa wanda ya kawo don kansa ba mai laifi ba ne. Abin da ya zama gama-gari, kamar kwabon Alhaji, a rubuta a mayar wa mai shi. Abin da ya cancanci ajiya, a biya shi sama da farashin sikeli, wanda ba wani abin kirki ba ne. Ɗalibai za su sami aikin hannu, masarauta kuma za ta sami taswirar abin da ke ƙarƙashin ƙasarta.

Kafin a kai can, ga abin da kowa zai iya yi. Idan diga ta ci karo da wani abu, a dakata, a ɗauki hotonsa a makwancinsa kafin a taɓa, a ajiye biro ko takalmi a gefe domin a gane girmansa. A auna zurfin ramin, a rubuta unguwa da rana. A tattara komai wuri ɗaya har da tsingaro da gawayi, kada a raba tarin kuɗi. Kada a goge da lemon tsami, ko toka, ko yashi, domin sukan cinye rubutun da ake nema. Sannan a nemi masani kafin a nemi mai saye.

Na mayar wa Alhaji kwabonsa a cikin ambulan, na rubuta a bayanta shekarar da ke jikinsa, da zurfin ramin, da abin da leburorin suka iya tunawa. Ya juya ambulan ɗin ya ce, “Malam, da na sani ai da na hana su.” Maƙwabcinsa na gabas zai fara haƙa nasa harsashin bayan salla, kuma Alhaji ya ce shi da kansa zai je ya yi wa leburorin magana.