Salsala daban, jini daban

Duk wanda ya zo neman aure a ƙasarmu, tambayar farko ita ce: ɗan gidan wane ne? Sai a tura dattawa su bi salsalarsa, a gano ko kakansa basarake ne, maƙeri ne ko mahauci. In asali ya gamsar, a ce "jininsa mai kyau ne", a shafa fatiha. Nan kuskuren yake, kuma ƴaƴanmu ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Salsala ilimi ne na baki da na takarda. Maroƙa da malamai ke riƙe da ita, da ita ake rabon gado, da ita ake sanin wanda ya cancanci rawani. Amma galibi hanya guda take bi, ta wajen uba. Ilimin ƙwayoyin halitta kuwa ba ruwansa da kirari: kowane ɗa yana ɗaukar kromozom 23 daga uwa, 23 daga uba. In aka koma zuriya goma baya, lissafi ya ba mutum kakanni 1024. Ɗaya tak maroƙi ke ambata.

Amosanin jini bai san ƙofar fada ba. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma auren zumuntan da muke taƙama da shi yana sauƙaƙa haɗuwar masu ɗauke da cutar.

Malamai, mu koya wa ɗalibai wannan bambanci. Ƙungiyoyin al'adu, ku adana salsala, tarihinmu ce. Amma kafin a kai goro, a je asibiti a auna jini. Maroƙi ba ya aikin likita.