ƊAN HAKIN DA KA RAINA

Manomin Kangire da ke ƙasar Birnin Kudu ya san tururuwa, ya san cinnaka da kiyashi da kwarkwasa, ya kuma san yadda zai zauna da su. Waɗannan 'yan gida ne, kuma suna da aikinsu a gona da daji: suna huda ƙasa ruwa ya shiga, suna cin tsutsotsi da ƙwan ƙwari, su kuma su zama abincin tsuntsaye da ƙadangaru. Abin tsoro shi ne baƙuwar tururuwa wadda ke shigowa cikin kaya ba da sanin kowa ba, domin a inda ta sauka babu abokan gabar da suka saba rage yawanta.

Abin da ya faru a gandun dajin Ol Pejeta na ƙasar Kenya ya isa darasi. A can akwai wani itacen ƙaya, dangin bagaruwa, wanda tururuwar ƙasar ke zaune a jikinsa tana shan zaƙinsa, ita kuma tana cizon giwa idan ta zo cin ganyensa. Da wata baƙuwa mai babban kai ta shigo, sai ta kashe 'yar ƙasar, ita kuwa ba ruwanta da tsaron itacen. Giwaye suka samu sarari suka yi ta karya itatuwa, daji ya yi fili, zaki ya rasa inda zai laɓe ya kama jakin dawa. Binciken da mujallar Science ta buga a 2024 ya nuna cewa tsakanin 2003 da 2020 jakunan dawa sun ragu daga kashi 67 zuwa 42 cikin ɗari na abin da zakuna ke kamawa, dole suka koma farautar ɓauna. Ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya sauya wa sarkin dawa abinci.

Haka nan a tsibirin Kirsimeti na ƙasar Ostareliya wata baƙuwar tururuwa ta hallaka miliyoyin jajayen ƙaguwa. A Amurka kuwa, jar tururuwa mai zafin cizo da jiragen ruwa suka kawo tashar Mobile wajen 1930 ta mamaye jihohin kudu, tana kashe 'ya'yan tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, irin yadda makwarwa da zabon daji ke yi a nan.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan labarin nesa ne. To, amma a tuna da 2016, lokacin da tsutsar tumatir wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, mai asali daga Kudancin Amurka, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Jigawa har tumatir ya gagari talaka. A wannan shekara ce kuma aka fara ganin baƙuwar tsutsar masara a Nijeriya. Hanyar da waɗannan suka bi a buɗe take ga tururuwa, musamman cikin ƙasar da ake ɗauro dashen mangwaro da sauran itatuwa, da cikin katako da buhunan da motoci ke saukewa a kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram.

Saboda haka wajibi ne hukumar NAQS mai binciken tsirrai da dabbobin da ke shigowa ƙasa ta ƙara tsananta aikinta a kan iyakoki. Hukumar JARDA kuma ta koya wa malaman gona yadda za su duba dashe kafin a raba wa manoma, ta sanar da masu unguwanni da dagatai inda za a kai rahoton duk wani ƙwaro da ba a saba gani ba. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutse su ma suna da nasu aikin: su tattara su rubuta ire-iren tururuwar jihar nan, domin sai an san ɗan gida ake gane baƙo.

Manoma kuwa su rage feshin magani barkatai a kan kowane gidan tururuwa, gama kashe 'yan gida share wa baƙuwa fili ne. Ƙasashen da suka fi Nijeriya kuɗi sun yi shekaru suna yaƙi da wannan ƙwaro ba su gama da shi ba. Rigakafi ya fi magani.