Bashin Naira 15,000 Da Ya Hana Mutum Gida

Wannan makon zancen muhalli na zo mana da shi.

Akwai wani yayanmu a unguwa, shekararsa 9 yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Bai taɓa makara da kuɗin haya ba, kuma a adashin da suke yi a wurin aiki shi ake bai wa ajiya saboda amanarsa. Bara ya je neman rancen sayen gida. Da aka buga lambar BVN ɗinsa, sai ga wani bashin naira 15,000 da ya ci a manhajar waya lokacin sunan ɗansa. Ya biya uwar kuɗin, ya manta da ragowar kuɗin ruwa. Nan take aka mayar masa da takardunsa.

Abin da na fahimta shi ne, ma'aikacin Sharaɗa ko Challawa ko Bompai yana da tarihi biyu. Akwai wanda mai gidan haya da mai shago da uwar adashi suka sani, akwai kuma wanda ke cikin kwamfuta. Banki na biyun kaɗai yake karantawa. Kamfanoni uku ne ke tara wannan bayani a Najeriya: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Shekara 9 ta biyan haya a Ja'en ko Panshekara ko Dakata ba ta cikin rumbunsu, amma bashin wata guda yana ciki. A ganina wannan awo ne da mudu mai huji.

Wani zai ce banki ba shi da laifi, kuɗin jama'a yake tsarewa. Gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan taurin bashi. Sai dai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya yi tuntuɓe sau ɗaya daban yake da wanda ya mayar da cin bashi sana'a. Kamata ya yi bankuna su riƙa karɓar rasitin haya da littafin ƙungiyar gama-kai a matsayin shaida, su kuma kamfanoni su daina riƙe mutum shekara da shekaru a matsayin lebura, ba takardar ɗaukar aiki, ba takardar albashi.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannunmu. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta bai wa kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. A karɓa a duba. Idan akwai kuskure a nemi gyara, idan bashin gaskiya ne a biya, a kuma karɓi takardar shaidar an biya. Sannan albashi ya riƙa bi ta asusun banki, ko da a hannu ake ba ka, ka zuba shi da kanka, domin a ga shige da fice.

Sai Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992 ƙarƙashin bankin FMBN. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, bayan wata 6 yana iya neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da TAJ. Amma kada a ruɗi kai, su ma suna duba tarihin mutum. Haka kuma takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ba ta isa jingina ba, takardar mallaka ta gwamnati ake nema.

Yayanmu ya biya ragowar, ya karɓi shaida, yanzu yana zubi a ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinsu. Har yau yana haya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi kuwa yanzu yake tara nasa.

Mu kuma marubuta, jarumanmu kullum a Nasarawa GRA suke, gida hawa biyu, ba a taɓa gaya mana yadda aka same shi ba. Ga mutumin da ke fita da asuba a kan keke, warin jima na Challawa a rigarsa, burinsa ɗaki biyu da zai bar wa 'ya'yansa. Wa zai rubuta shi idan mu muka ƙi?

Allah ya rufa mana asiri. Ina jiran ra'ayoyinku.