Turancin da Zai Fid da Mutum a Filin Jirgi

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina da ƙara da zan kawo gabanku, kuma mu ɗin nan mu ne waɗanda a ke ƙara. Turancin da mu ke shirin koya wa yara, wanda a ke aunawa da jarrabawa da jan alƙalami, yakan gudu ya bar mutum a wurin da ya fi bukatarsa. Wurin nan kuwa shi ne filin jirgin sama. Shaiduna su ne mutanen Kasuwar Kifi ta Baga Road a nan Maiduguri.

Duk wanda ya san kasuwar nan ya san ba wurin bebaye ba ce. Banda tana zuwa daga Baga da Doron Baga, can bakin Tafkin Chadi, tafiyar kusan kilomita 200, a ɗure ta cikin kwalaye, a loda a manyan motoci zuwa Anaca da Inugu da Legas. Tafkin nan ƙasashe 4 ne suka kewaye shi, watau Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kowace kuwa ta aiko da harshenta kasuwa. Sai ka ga fatoma guda ya gai da baƙonsa da Barbarci, ya juya ya yi ciniki da Hausa, ya tsawata wa ɗan dako da Larabcin Shuwa, sa'an nan ya faɗa wa matar da ta zo daga Anaca kuɗin kwalin tarwaɗa da guntun Turancinsa, ba a cuce shi ko kwabo ba. Ba wanda ya zaunad da shi a benci ya koya masa waɗannan. Da kunne ya ɗauke su, domin abincinsa yana cikinsu.

To, ɗauki wannan mutum, mai wayo, mai harshe huɗu, ka tsai da shi a filin jirgin Adis Ababa ko na Alƙahira da tsakad dare, yana jiran ya canja jirgi zuwa Jidda. Nan take sai ka ga ya koma kamar yaron da ya ɓace ran kasuwa. Lasifika tana magana, bai san da shi a ke ba. Allo yana ta canja rubutu, an mai da jirginsa wata ƙofa, shi yana zaune a ta farko da carbinsa. In aikin Hajji ne da sauƙi, gama hukumar alhazai takan haɗa su ayari guda, da jagora, jirgi kuma ya kai su kai tsaye. Amma mai zuwa Umra shi kaɗai, da mai zuwa asibiti Masar ko Indiya, da saurayin da ubansa ya tara masa jari daga kifi ya aike shi saro kaya Dubai, waɗannan ba su da jagora sai bakinsu.

Kakanninmu ba su san wannan wahala ba, ko da ya ke sun sha wadda ta fi ta. Sukan bi ta nan Borno da ƙafa ko bisa jaki, su ratsa Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, wani ya shekara biyu, wani goma, yana noma yana tafiya, kafin ya ga Makka Larabci ya zauna a bakinsa. Abin mamaki, wannan hanya ce jiragen farko suka biyo. A 1925 jiragen sojan Ingila 3 suka taso daga Masar, suka bi ta Hartum da El Fasher da Fort Lamy, wadda a ke kira Njamena yanzu, da Maiduguri, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba. Jirgi ya mai da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i, ya kuma ƙwace wa matafiyi lokacin da zai koyi harshen hanya. Abin da zai faɗa a can, dole ya tafi da shi daga gida.

Me ya sa Turanci ne, ba Larabci ko Faransanci ba? Ba don ya fi su daɗi ba ne. A 1944, yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba, ƙasashe suka taru a Chicago ta Amurka suka ƙulla yarjejeniyar zirga-zirgar jiragen sama, daga nan aka sami hukumar ICAO mai mazauni a Montreal ta Kanada. Amurka da Ingila su ke da yawancin jirage a lokacin, saboda haka harshensu ya zama na sama. Daga 2008 aka wajabta wa matuƙa da masu ba su umurni daga hasumiya, in aikinsu na tsakanin ƙasashe ne, su ci jarrabawar jin Turanci da faɗarsa. Matakai 6 ne, mafi ƙanƙantan abin da a ke karɓa shi ne na 4.

A nan ne na ke so mu tsaya mu duba da kyau, domin irin Turancin da matuƙa ke yi da wanda mu ke koyarwa ba su yi kama ba ko kaɗan. Ran 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙan jirgi guda mutanen Holan ne, na ɗayan Amurkawa, mai hasumiya kuwa ɗan Sifen. Dukansu sun yi makaranta, dukansu suna jin Turanci. Na Holan ya faɗi wata magana mai fuska biyu, shi yana nufin sun fara tashi, mai hasumiya ya ɗauka suna tsaye suna jira, ya amsa da kalmar nan "OK" da kowa ke yi. Akwai waɗansu dalilai, amma wannan na cikin manyansu. Bayan haka aka ƙara tsananta doka. Kalmomi kaɗan ne, kowace da ma'ana ɗaya tak. Lamba a kan faɗe ta ɗaya-ɗaya, har an sāke lafazin uku da biyar da tara don kada su ruɗe a rediyo. Kuma in an ba matuƙi umurni, sai ya maimaita shi da bakinsa, mai hasumiya ya ji ko daidai ya fahimta. Mutumin da ke riƙe da rayukan ɗaruruwa ba ya jin kunyar cewa a sāke faɗa masa.

Ashe wannan ba shi ne abin da a ke yi a Baga Road kullum ba? Dillali ba ya barin ciniki ya faɗa sai ya maimaita kuɗin da ƙarfi, mai kaya ya ji, mai saye ya ji, sa'an nan a ce an sallama. Mutanenmu sun san wannan dabara tun da daɗewa. Mu ne mu ke kashe ta a aji. A makarantar mishan da na yi, in malami ya tambaya ko mun gane, sai aji duka ya amsa da "Yes, sir", alhali rabinmu ba mu san inda aka dosa ba, tsoron bulala da dariyar 'yan'uwa ya hana mu tambaya. Yaron da ya saba da haka shekara shida, in ya girma ya tsaya gaban jami'in shige da fice, abin da zai fito bakinsa ke nan. An ce matambayi ba ya ɓata, mu kuwa muna yaye yara waɗanda aka hore su kada su yi tambaya.

Wannan amsa tana iya jefa mutum cikin rami, ga yadda abin ya ke. In aka tambayi Bahaushe, "Ba wanda ya ba ka saƙo?" sai ya ce, "I," yana nufin gaskiya ne, ba wanda ya ba shi. Bature kuwa a wannan wuri "No" zai ce. Saboda haka in ma'aikaci ya yi tambayar da sigar korewa, mutuminmu ya fassara amsarsa ta gida ya ce "Yes", to, ya amsa laifin da bai yi ba, sai a ja shi gefe a zazzage jakarsa. Ban taɓa ganin malamin da ya ɓata ko rabin sa'a a kan wannan ba, amma mukan kwashe mako muna rarrabe sassan jimla a allo. Haka kuma "fifteen" da "fifty", a lasifika mai amsa kuwwa kusan ɗaya su ke a kunnenmu, tsakanin ƙofa ta 15 da ta 50 kuwa akwai tafiyar da za ta sa jirgi ya bar dattijo. Ga kuma agogon tikiti, wanda ba ya cewa safe ko yamma. Wanda aka rubuta wa 02:30 ya zo bayan azahar, jirginsa ya tashi tun cikin dare.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai taimako. Wanda ba ya jin abin da a ke faɗa dole ya miƙa fasfonsa da tikitinsa ga duk wanda ya yi masa murmushi da Hausa. Yawanci mutanen kirki ne, Allah ya sāka musu. Amma a tuna, a Disamba 2018 an kama wata ɗaliba da ta taso daga Kano a Madina, saboda an sami jakar ƙwayoyi ɗauke da sunanta. Bincike ya nuna waɗansu ne a filin jirgi suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, ba a sake ta ba sai ƙarshen Afrilu 2019. Ita fa mai karatu ce. To, ina ga wanda ba zai iya duba 'yar takardar da a kan manna masa a bayan tikiti ya ga jaka nawa aka rubuta da sunansa ba? Har kifin kansa yana da nasa rikici. Ba mai zuwa wurin ɗansa a ƙasar waje da ba ya so ya riƙa masa banda. A 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga tarwaɗar Nijeriya, a bakin shiga kuma a kan tambayi matafiyi ko yana ɗauke da abinci. Wanda ya faɗa, galibi iyakarta a karɓe abin da aka hana. Wanda ya ce babu don bai gane tambayar ba, aka kuwa samu, sai tara.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce ai waya tana fassara yanzu. Gaskiya ne, Google ta sa Hausa cikin na'urarta ta fassara a 2013, ta ƙara Barbarci a 2024, ni ma ina amfani da ita. Amma waya sai da caji, sai da intanet, a wurare da yawa kuma ba a yarda ka fito da ita a gaban jami'in da ke duba fasfo, lasifika kuwa ba ta jiran ka buɗe ta. Waɗansu kuma za su ce, don me ba za a yi mana sanarwa da harshenmu ba? Ina tare da su ɗari bisa ɗari in a filayen gida ne. Duk jirgin da zai tashi daga Maiduguri ya kamata a sanad da shi da Hausa da Barbarci, ba alfarma ba ce. Sai dai ikon wannan magana ya ƙare a kan iyaka. Ba za mu tilasta wa Bahabashe ya koyi Barbarci ba.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo, ba kuwa sai an jira Ma'aikatar Ilmi ta canja manhaja ba. In mun fita gwajin koyarwa, kowa ya ware darasi guda a mako na kunne da baki zalla, ba littafi. A jera bencina su zama kanta, yaro guda ya zama ma'aikaci, sauran su bi layi, wani ya tsaya bayan ƙofa yana kiran lambobi da sauri ta cikin mazurari. Jimlar farko da za a koya ita ce ta roƙon a sāke faɗa a hankali, ta biyu kuma ta maimaita abin da aka ji. Yaron da ya yi tambaya a ba shi maki, ko da nahawunsa ya karye. Ai jami'in da ke Dubai ko Adis Ababa shi ma ba Turanci ya sha a nono ba, ba kuwa zai ja maka layi da jan alƙalami ba.

Manya kuma, ban ga abin da zai hana mu je mu same su inda su ke ba. Kasuwar tana da shugabanninta da ƙungiyarta. Mu nemi izininsu, su ba mu rumfa guda bayan la'asar, musamman watanni biyu kafin azumi, lokacin da masu niyyar Umra ke shiri. Mutumin da ke riƙe lissafin kwali ɗari a kansa ba zai kasa riƙe jimla talatin ba. Kayan aikin ba su da tsada: tsohon tikiti, da tsohon katin shiga jirgi, da 'yar takardar jaka, waɗanda kowane alhaji a kasuwar yana da su ajiye cikin akwati. Wanda ya yarda mu fara, ya ba editan wannan mujalla sunansa kafin hutu, mu haɗu mu rubuta jimlolin, mu kai wa malaminmu na Turanci ya duba.