Gawayi, hasken rana da ƙuri'ar ɗan majalisa

Wanga mako mu leƙa majalisar dokokin Amurka, mu ga abin da ke jan hannun ɗan majalisa in an zo ƙuri'a bisa makamashi: aƙida ce, ko kuwa tukunyar gida?

Ga Joe Manchin, sanatan West Virginia daga 2010 zuwa farkon 2025. Ƙarƙashin tutar Democrat anka zaɓe shi, jam'iyyar da ke son a rage ƙona gawayin ƙasa saboda ɗumamar yanayi. Amma jiharshi da gawayin take ci, shi kanshi kuma ya kafa kamfanin dillancin gawayi tun 1988. Lokacin yaƙin zaɓen 2010, har bindiga ya ɗauka a talabijin ya harbi takardar dokar rage hayaƙi, wadda ƴan jam'iyyarshi sunka kawo! A Disamban 2021 ya kashe babban shirin Shugaba Biden. Sai a Agustan 2022 ya yarda da wata doka mai sassauta haraji ga lantarkin rana da na iska, bayan an yi mishi alkawalin bututun gas na Mountain Valley, wanda majalisa ta amince da shi a 2023. Ciniki ne ƙiri-ƙiri, kuma a ganina ya fi wasu gaskiya, tun da bai ɓoye farashinshi ba.

Ƴan Republican kuwa, ko guda bai jefa ma wannan doka ƙuri'a ba. Sunka ce almubazzaranci ne da dukiyar ƙasa. To amma masana'antun batir da na allunan hasken rana sai sunka yi ta sauka cikin mazaɓunsu, kamar Dalton ta jihar Jojiya. Da albashi ya fara shiga gidaje, sai murya ta canza: a Agustan 2024, su 18 sunka rubuta ma kakakin majalisa Mike Johnson takarda, suna roƙon kar a soke sassaucin duka.

Nan na zaci aljihun mazaɓa ya ka da aƙida. Ashe na manta da maigida na ukku, wato tsoron jam'iyya da na zaɓen fid da gwani. Da Shugaba Trump ya buƙaci dokarshi ta haraji, wadda ta datse wa'adin tallafin rana da iska, majalisar wakilai ta amince a Yulin 2025 da ƙuri'a 218 bisa 214. Ƴan Republican biyu kacal sunka ƙi.