Mamatan Zangon Damagaram da littafin kiran suna na Hamdara

Duk wanda ya san Damagaram ya san gari biyu ne a haɗe. Akwai Birni mai ganuwa da fadar sarki, akwai kuma Zango a wajen ganuwa, masaukin fatake da ayarin Abzinawa. Faransawa sun ci garin a 1899, suka kafa barikinsu kusa da Birni, kuma daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasar da ta zama Nijar.

Zango ita ce bakin ƙofa. Abin da ya taso daga Kano, ko Agadas, ko Barno, a nan yake fara sauke kaya, haja da cuta baki ɗaya. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta bar mutane ba ƙarfin jiki. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga murar 1918 da ta game duniya. A shekarun 1920 sanƙarau ya ratsa ƙasar Hausa, tare da wani zazzaɓi mai tafiya ya dawo wanda kwarkwata ke yaɗawa. Agana kuwa ba ta taɓa yin nisa ba. Ga matsalar ruwa: garin bisa dutse yake zaune, rijiyoyi ba sa wadatarwa. Ƙarancin ruwan na cikin dalilan da suka sa aka mai da babban birni Yamai a 1926. Masu mulki sun kwashe takardunsu sun tafi bakin kogi, mutanen Zango suka ci gaba da shan abin da suka samu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake ƙirga mutane a wancan zamani. An kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a yankunan Faransa na Afirka ta Yamma tun 1905, amma likitocin ƙalilan ne, galibi na soja, kuma bariki ne farkon aikinsu. Ƙidayar da aka fi yi da himma ita ce ta lanho, wato harajin kai. Mai rai yana da lamba domin zai biya. Jaririn da ya rasu kafin suna, da baƙon da ya sauka da ayari ya kwanta bai tashi ba, an yi musu sutura an kai su, shi ke nan. Cutar da ba a ƙirga ba kuwa, sai ta cika makabarta kafin hukuma ta ce ta shigo.

Ina ganin har yau ba mu rabu da wannan hali ba, musamman a karkara irin tamu ta Hamdara, cikin gundumar Mirriya. Yaro ya kwana biyu da zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, sai a ce iska ce, a nemo rubutu da turare. Ba na raina addu'a. Amma in ya rasu a gida, gidan likita bai gan shi ba, ofishin magajin gari bai rubuta ba, to a idon masu aiko da magani babu abin da ya faru a garin.

Ga yadda lissafin yake. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, a yanki mai mutane ƙasa da 30,000, mutum biyu da ake zargin sanƙarau cikin mako guda sun isa a tashi tsaye, biyar kuma annoba ce. Biyu kacal! Ke nan yaro ɗaya da aka ɓoye yana iya jinkirta allurar gari guda. Kada kuma mu ce ai an yi rigakafi: allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 nau'in A take karewa, alhali wanda ya kashe mutane sama da 500 a ƙasar nan a 2015, ya kuma sake ɓulla a jihar Damagaram ƙarshen 2022, nau'in C ne. Sabuwar allura mai kare nau'i biyar sai a 2024 ta iso.

Malam, kai ne kake riƙe da abin da Zango ba ta samu ba: littafin kiran suna. Kowace safiya kana sanin wanda bai zo ba. Daga shigar hunturu har saukar damina, lokacin da ƙura da bushewar iska ke buɗe wa sanƙarau hanya, in yara biyu daga unguwa ɗaya suka yi fashi saboda zazzaɓi, kada a tsaya ga rubuta “ba ya nan”. A aika gida a tambaya, darakta kuma ya sanar da gidan likita mafi kusa a ranar. Malaman allo ma wannan ya shafe su, ko ma ya fi, domin almajirai a cunkushe suke kwana cikin zaure ɗaya, kuma ta numfashi cutar ke bi.

Iyaye kuma, na san nauyin abin. Wanda ya dawo daga makabarta ba ofis ne a ransa ba. Amma bayan sadakar uku, a samu wani cikin dangi ya je ya bayyana rasuwar, ya faɗi shekarun yaron, da alamun da aka gani, da kwana nawa ya yi yana jinya.