Minti Ɗaya a Cikin Kwano: Tunatarwa Ga Matasan Bakolori



'Yan uwana matasa masu ziyartar wannan shafi, yau ina so in ja hankalinku zuwa ga wani abu da ido ba ya gani, wanda a ganina rashin saninsa yana cikin abubuwan da ke cinye jarin masu sha'awar ƙyanƙyasar kifi a Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Ƙwayar maniyyin kifi ba ta motsi matuƙar tana cikin jikin namiji. Ruwan da take zaune a ciki yana da gishiri daidai da na jikinta, shi ne ke riƙe ta kamar mai barci. Da zarar ta faɗa ruwan rafi, wanda gishirinsa bai kai nata ba, sai sinadarin fotasiyam ya fice daga cikinta, wasu ƙananan ƙofofi a fatarta su buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki, jelarta kuma ta fara kaɗawa. Masanan Japan biyu, Morisawa da Suzuki, sun bayyana rawar gishiri da fotasiyam a 1980. A shekarar 2000 kuma Krasznai na ƙasar Hungari da abokan aikinsa suka nuna a jikin wani kifin ruwan daɗi cewa idan aka hana kalsiyam shiga, ƙwayar ba ta tashi ko da ta samu ruwa. Idan ta tashi ma, a kifi irin tarwaɗa ƙarfinta da ƙyar yake wuce minti ɗaya ko biyu, daga nan ta tsaya har abada.

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan Mafara da wannan? Ga inda ruwansa yake. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, domin noman rani a fili mai faɗin hekta 23,000. Tarwaɗa kuwa a daji tana hayayyafa ne idan damina ta cika fadama. Da madatsar ta rage ambaliya, kamun kifi a garuruwan da ke ƙasa da ita ya ragu, kamar yadda masani William Adams ya rubuta a 1985. Wannan yanki ya biya kuɗin madatsar da tsada, har da rayukan manoman da aka kashe a Afrilun 1980 kan neman diyyar gonakinsu. Abin takaici ne a ce jikokinsu na zaune a bakin wannan ruwa amma ba su ƙware wajen samar da 'ya'yan kifi da hannunsu ba.

Aikin ba boyayye ba ne. Ana yi wa mace allurar da ke nunar da ƙwai, irin su Ovaprim, bayan wasu sa'o'i a tatse ƙwan a busasshen kwano. Namijin tarwaɗa ba ya tatsuwa, don haka yanka shi ake yi a ciro maniyyin, a zuba shi a ruwan gishiri mai giram 9 a kowace lita, domin ya ci gaba da barcinsa. Sai an gauraya shi da ƙwai sannan a zuba ruwa mai tsabta. Wannan mintin shi ne dukkan cinikin. Idan kwanon na da laima, ko hannun mai aikin a jiƙe yake, maniyyin zai farka kafin ya isa ga ƙwai, ya ƙare ƙarfinsa a banza. Washegari a tarar da ƙwai ya yi fari fat, an rasa namiji, an rasa kuɗin allura, sai ka ji ana cewa babu rabo, ko kuma an yi baki.

A nan nake da magana. Mun yi imani da ƙaddara, amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya halicci wannan ƙwaya Shi ya sanya mata ƙa'ida, kuma kiyaye ƙa'idar ba ya cin karo da tawakkali. Jingina wa rabo abin da jiƙaƙƙen kwano ya jawo kasala ce, ba taƙawa ba.

Na san wani zai ce kakanninmu masunta ba su san kalsiyam ba, kuma sun ci kifi. Gaskiya ne, domin gulbi ne ke yi musu aikin. Wanda ya ɗauko aikin gulbi ya sa a kwano, dole ya san abin da gulbi ke yi. Haka nan kada wani ya ji wannan bayani ya je ya antaya farar ƙasa a ruwansa da sunan ƙarin kalsiyam, domin yawanta na iya kashe ƙwan. A gwada ruwan rijiya ko na burtsatse tukuna, a san abin da ke cikinsa.

Shawarata ita ce, lokacin da muke ɓatawa a intanet mu ware wani kaso mu karanta wannan fanni. Mu tuntuɓi malaman Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, masu hali kuma su nemi horo a cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja. Matasa biyar da suka iya wannan minti ɗaya za su iya wadata kududdufan gari guda da 'ya'yan kifi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa albarka a neman halalinmu.